AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me ya sa Kiristocin Turai na dā ke sassaƙa kisan waliyyansu a jikin kabari?

 

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ya ga hoton wani tsohon kabari na ƙasar Turai a cikin kalanda, an sassaƙa mutane a jikin dutsen ana gana musu azaba. Tambayarsa kashi 3 ce. Shin gaskiya ne Kiristocin dā na yin haka? In gaskiya ne, me ya kawo shi, tun da yake wanda ya rasa nasa ba ya son a riƙa tuna masa da irin mutuwar da ya yi? Sa'an nan kuma, bauta wa waɗannan hotuna suke yi ko kuwa?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Gaskiya ne, an yi haka, musamman daga ƙarni na 12 zuwa na 15 na Miladiyya, kuma har yau akwai irin waɗannan kaburbura a Sifen da Italiya da Faransa da Ingila. Sai dai ba kowane mamaci ake yi wa ba. Ana yi wa waɗanda suke ɗauka waliyyai ne, waɗanda aka kashe saboda sun ƙi barin addininsu. Kalmar da Girkawa suka sa wa irin wannan mutum, watau martus, ma'anarta mai ba da shaida, kamar dai yadda kalmar shahidi take a Larabci. A wurinsu mutuwar ita ce shaidar, shi ya sa suke fito da ita fili kowa ya gani. Bari mu ɗauki kabari guda mu bi shi daki-daki, don in ka fahimci ɗaya, sauran ba za su ba ka wuya ba.

KABARIN BIRNIN ABILA

A tsakiyar ƙasar Sifen, wajen kilomita 110 arewa maso yamma da Madrid, akwai wani tsohon birni mai suna Abila. Gari ne na kan tudu, mai tsananin sanyi, ƙasar makiyaya tumaki. Har yau ganuwarsa ta dutse na nan tsaye, tsawonta wajen kilomita 2 da rabi, da hasumiyoyi sama da 80 da ƙofofi 9. Daf da ganuwar, daga waje, akwai wata babbar majami'a da aka fara ginawa a farkon ƙarni na 12. A cikinta ne kabarin yake, irin abin da mu za mu kira hubbare, kuma an sassaƙa shi ne a ƙarshen wannan ƙarni. An yi shi don tunawa da 'yan'uwa 3, uwa ɗaya uba ɗaya: saurayi mai suna Bisente da 'yan'uwansa mata 2, Sabina da Kiristeta.

Su waɗannan bayin Allah, bisa ga labarin, sun rayu ne a zamanin Sarkin Rum Diyokiletiyan, wanda ya yi mulki daga shekarar 284 zuwa 305, watau wajen shekara 300 kafin zuwan Musulunci. A lokacin Rumawa masu bautar gumaka ne, kuma ƙasar Sifen na ƙarƙashinsu. A shekarar 303 sarkin ya ba da doka a rushe majami'u a ƙone littattafan Kirista, a shekarar 304 kuma aka ce kowa sai ya yi wa gumakan daula hadaya. Wanda ya ƙi, sai kurkuku ko azaba ko kisa. Wannan tsanantawa tabbatacciya ce a tarihi, har ma Kiristocin Masar, watau Ƙibɗawa, suna fara lissafin kalandarsu ne daga shekarar 284, suna kiranta zamanin shahidai. Sai a shekarar 313 aka ba Kirista 'yancin yin addininsu a duk faɗin daular.

Shi kabarin an yi masa siffar ɗan ƙaramin coci, da rufinsa mai gangare, an ɗora shi bisa ƙananan ginshiƙai. A ƙarni na 15 aka ƙara masa wata doguwar rumfa ta katako mai ado daga sama. Labarin kuwa an jera shi a cikin faifai 10, wato 5 a kowane gefe, mutum ya bi su yana zagayawa kamar mai karanta shafi bayan shafi.

A gefen arewa za ka fara ganin an kawo Bisente gaban gwamna, wanda ake kira Dasiyano, yana zaune bisa kujerar mulki. Faifai na biyu, an ja shi wurin gunkin Jubita don ya yi hadaya ya ƙi, aka ce har sawun ƙafarsa ya nutse cikin dutsen da ya taka. Na uku, 'yan'uwansa mata sun ziyarce shi a kurkuku suna roƙonsa su gudu tare. Na huɗu, gwamna na ba da umarni a bi su. Na biyar, ga su nan su uku bisa dawakai sun nufi Abila.

In ka zagaya gefen kudu, nan ne abin da ka gani a kalanda, ko makamancinsa. An kama su, an tuɓe musu tufafi. An ɗaure su a kan itatuwa da aka gicciya ana miƙar da gaɓoɓinsu. Sa'an nan aka danne kawunansu har suka cika. A cikin wannan faifai ɗin, sama da gawarwakin, masassaƙin ya yi mala'iku 2 sun ɗauki rayukan mamatan a cikin mayafi, ga kuma wani hannu ya fito daga sama yana sa musu albarka. Ka lura da wannan da kyau malam, domin a nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Abin da ake so mai kallo ya ɗauka shi ne gwamna da dakarunsa sun sami jiki, amma rai ya kuɓuce musu. Wanda ya zo da ciwo ko bashi ko zaluncin mai mulki a kansa, in ya duba sai ya ga waɗanda suka sha abin da ya fi nasa, kuma ƙarshensu ya yi kyau.

Faifai 2 na ƙarshe na nuna wani Bayahude mai dukiya da aka ce ya zo yi wa gawarwakin ba'a, sai wani maciji ya fito daga cikin dutse ya nannaɗe shi, ya yi alkawarin in ya tsira zai karɓi addinin Kirista. Daga nan sai a gan shi yana haɗa musu kabari da hannunsa. Wannan ɓangare yana bukatar a karanta shi da hankali. A zamanin da aka sassaƙa dutsen akwai Yahudawa da yawa a Abila, akwai Musulmi kuma, suna ciniki da sana'a tare da Kirista. Sanya Bayahude a matsayin mai ba'a wanda ƙarshensa sai ya miƙa wuya, irin kallon da masu rinjaye ke yi wa maƙwabtansu ne a lokacin. Wannan kallo kuwa bai tsaya a jikin dutse ba, domin a shekarar 1492 aka kori Yahudawa daga Sifen baki ɗaya, bayan 'yan shekaru kuma aka tilasta wa Musulmin ƙasar barin addininsu ko barin ƙasa.

KABARI BABU GAWA

Ga wani abin mamaki. Lokacin da aka fara gina wannan majami'a, ƙasusuwan waliyyan ba sa garin. Kun san Musulmi sun shiga Sifen a shekarar 711, suka kafa mulkin da muke ji ana kira Andalus. Abila ta daɗe a kan iyaka tsakanin sarakunan Kirista na arewa da na Musulmi na kudu, yau wannan ya kai hari gobe wancan, har garin ya kusa zama kufai. Saboda haka wajen shekarar 1062 Sarki Farnando na Ɗaya ya sa aka kwashe ƙasusuwan aka kai su wani gidan masu zaman zuhudu da ake kira Arlanza, can kusa da birnin Burgos.

Da Sarki Alfonso na Shida ya ci birnin Toledo a shekarar 1085, iyaka ta matsa kudu, sai ya ba surukinsa Raimundo, wani basarake daga Burgundi ta ƙasar Faransa, aikin sake raya Abila. Aka kawo mutane daga wurare dabam-dabam aka zaunar. To ka san baƙin da aka tara daga ko'ina suna bukatar abin da zai haɗa kansu su ji garin nasu ne. Abin da suka samu shi ne labarin 'yan'uwan nan 3 da dutsen da aka ce a kansa aka jefar da gawarwakinsu, wanda har yau ana nuna shi a ɗakin ƙarƙashin majami'ar. Sai suka gina coci a wurin, suka sa aka sassaƙa labarin yadda duk wanda ya shigo zai san cewa a nan abin ya faru.

Akwai darasi a nan ga mai son sanin tarihi. Tsakanin kisan da sassaƙar akwai shekara sama da 850. Labarin kansa sai bayan ɗaruruwan shekaru aka rubuta shi, kuma masana sun lura shi wannan gwamna Dasiyano yana fitowa a labaran shahidai da yawa na Sifen, a Saragosa da Barsalona da Toledo, da irin magana ɗaya da irin azaba ɗaya. Bugu da ƙari, in ka duba dakarun da ke jikin dutsen, shigarsu da makamansu irin na mayaƙan ƙarni na 12 ne. Masassaƙin bai taɓa ganin sojan Rum ba, sai ya yi irin waɗanda yake gani suna fita ƙofar gari. Don haka dutsen ya fi ba mu labarin mutanen da suka biya kuɗin aikin, da abin da suke tsoro da abin da suke fata, fiye da ainihin yadda aka yi a shekarar 304.

LITTAFIN WANDA BAI IYA KARATU BA

A Turai ta wancan zamani, yawancin jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, kuma ƙalilan ne suka iya karatu. Littattafai da hannu ake rubuta su a kan fata, tsadarsu sai gidan sarki ko na malaman coci. Daɗin daɗawa, da harshen Latin ake yin ibada, wanda talaka ba ya ji. Wajen shekarar 600 wani bishop na birnin Marsel a Faransa ya farfasa hotunan da ke cikin majami'unsa don ya ga mutane na neman bauta musu. Paparoma Giregori Babba ya rubuta masa, ya yaba masa da hana bautar, amma ya ce bai kamata a fasa su ba, domin abin da rubutu ke yi wa mai karatu, shi hoto ke yi wa wanda bai iya ba. A kan wannan ra'ayi cocin Turai ta Yamma ya tafi har shekaru ɗaruruwa. Bahaushe dai ya ce gani ya kori ji.

Don kada a ruɗe, masassaƙa suka ba kowane waliyyi alamarsa, yawanci abin da aka kashe shi da shi. Istifanus, wanda aka jejjefe, yana riƙe da duwatsu. Lauransu na birnin Rum yana riƙe da ƙarfen gashi. Katarina ta Iskandariyya kuma ƙafar keke ce mai ƙayoyi. Duk wanda ka gani riƙe da ganyen dabino, to shahidi ne. Makiyayin da bai san baƙi ko ɗaya ba, da ya ɗaga ido zai gaya maka ko wane ne.

Kada kuma ka ɗauka fararen duwatsu ne kamar yadda yawancinsu suke a yau. Fenti ake shafa musu, ja da shuɗi da ruwan zinariya. Da aka yi wa kabarin Abila gyara wajen shekarar 2007, aka kankare abin da aka shafe shi da shi daga baya, sai ga launukan dā sun bayyana. Ka yi tunanin mutum ya fito daga ƙauye, ya shiga wannan gini mai duhu, hasken kyandir na rawa a kan jinin da aka zana da jan fenti. Ba zai manta ba har ya koma gida ya ba da labari.

Aikin kansa na guduma da kurfi ne, shekara da shekaru. Magina kan yi ƙungiya suna yawo daga gari zuwa gari inda ake babban gini, shi ya sa ake ganin hannun magina na Faransa a cocin Abila. A bangon irin waɗannan gine-gine za ka ga 'yan alamu da kowane mafashin dutse ke sa wa dutsen da ya gyara, kamar yadda kuke sa wa buhu lamba don a san mai shi ranar biya.

RANTSUWA DA KASUWA

'Yan kasuwa, ga naku. A ƙarshen kabarin ta yamma, ƙarƙashin siffar Almasihu yana zaune bisa gadon sarauta, akwai wani fure da aka sassaƙa. In shari'a ta cije, babu shaidu, sai alƙali ya tura mutum ya ɗora hannu a nan ya rantse. Jama'a sun yi imani wanda ya rantse bisa ƙarya hannunsa zai shanye. Majami'u kaɗan ne a ƙasar aka san su da wannan, har da wata a Burgos da wata a Leyon. A shekarar 1505, a cikin dokokin da aka zartar a garin Toro, aka hana wannan rantsuwa, aka ambaci cocin Abila da sunansa, aka sa tarar marabedi 10,000 ga wanda ya saɓa. Shi wannan kuɗi marabedi, sunansa ya samo asali ne daga dinarin Murabiɗai, waɗanda suka mulki Maroko da Andalus, suna buga kuɗinsu da zinariyar da ayari ke ɗaukowa daga Afirka ta Yamma.

Ban da shari'a, kabarin waliyyi arziki ne ga gari. Masu ziyara na zuwa neman waraka ko cika alkawari, musamman ranar tunawa da shi, wadda ga waliyyan Abila ita ce 27 ga Oktoba. Mai masauki ya samu, mai abinci ya samu, mai kyandir ya samu, coci kuma ya karɓi sadaka. Wannan ya sa garuruwa ke gasa, har da sata. A shekarar 1087 wasu matuƙan jirgin ruwa na birnin Bari a Italiya suka kwaso ƙasusuwan waliyyi Nikolas daga garin Mira, a Turkiyya ta yau, suka kai garinsu, kuma har yau can suke. Cinikin ƙasusuwa na gaske da na jabu ya yi yawa har babban taron malaman coci na shekarar 1215 a birnin Rum ya hana sayar da su, ya kuma ce kada a girmama wani sabo sai da yardar Paparoma.

Akwai wasu sanannun kaburbura irin wannan. A Barsalona akwai na wata yarinya Yulaliya, da aka ce an kashe ta tana da shekara 13 a wannan tsanantawa ta Diyokiletiyan. An sa ƙasusuwanta a akwatin farin dutse mai ɗauke da hoton azabarta a shekarar 1339, kuma har yau ana kiwon dinya farare 13 a harabar cocin don tunawa da shekarunta. A birnin Milan na Italiya akwai na Bitrus mutumin Berona, wani mai wa'azi da aka sare da adda a kan hanya a shekarar 1252. Nasa kabarin na marmara ne, an gama shi a shekarar 1339, an ɗora shi bisa ginshiƙai 8.

SHIN BAUTA CE?

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe. Kiristoci su kansu sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A daular Rum ta Gabas an yi sama da shekara 100 ana rikici, daga wajen 726 zuwa 843, wasu sarakuna na farfasa hotuna, wasu na mayarwa. Babban taron da aka yi a garin Nikiya a shekarar 787 ya yanke cewa bauta ta Allah ce shi kaɗai, hoto kuwa girmamawa ake yi masa, kuma girmamawar na komawa ne ga wanda aka zana. Wannan shi ne matsayin 'yan Katolika da 'yan Otodoks har gobe. In ka tambaye su za su ce maka ba sa bauta wa waliyyi, roƙonsa suke ya yi musu addu'a.

Amma a ƙarni na 16 masu neman gyara, waɗanda ake kira Furotestan, suka ce ko me malamai suka rubuta, abin da talaka ke yi a gaban kabari ya wuce girmamawa. A Ingila, Sarki Henri na Takwas ya sa aka rushe hubbaren Tomas Beket a Kantabari a shekarar 1538, aka kwashe zinariya da duwatsu masu daraja zuwa baitulmalin sarki. Shi Beket babban bishop ne da wasu barade 4 na Sarki Henri na Biyu suka kashe a cikin cocinsa a shekarar 1170. A garin Sant Albans ma aka farfasa kabarin waliyyin garin aka cusa gutsattsarin cikin bango. Sai a shekarar 1872 aka gano su, guda wajen 2,000, aka zauna aka harhaɗa, har hoton fille masa kai ya sake fitowa. Ƙasar Sifen ta tsaya a kan Katolika, shi ya sa na Abila ya tsira.

Wannan rarrabuwa ce ta sa ko a nan ƙasarmu za ka shiga wani coci ka ga siffofi, ka shiga wani ka tarar da bango fayau. Mu Musulmi kuwa an san matsayinmu a kan sassaƙa siffar mai rai, don haka adon masallatai ya tafi ga rubutu da zane-zane. Saboda haka in zance ya haɗa ka da maƙwabcinka Kirista a rumfar kasuwa, ka fara tambayarsa ɗarikarsa kafin ka ɗora masa abin da watakila shi ma bai yarda da shi ba.

Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Abila da majami'unsa na bayan ganuwa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1985, kuma mutane na kowane addini na zuwa kallo.

Da fatan malam ka gamsu. Sauran waɗanda suka aiko da wasiƙu ba su ji nasu ba, a yi haƙuri, suna nan bisa layi. A riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda, da rubutu mai kyau, don a sami saukin karantawa.